Karan Gefen Gawo

Gidan Ƙadri, ta Korgom
28 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Aishatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da jikoki da dukan mutanen gidanku na Tchaké. Yaya ciwon ƙafa? Yaya kunnen nan naki da ya yi yaji ya ƙi dawowa? Mu nan kowa lafiya lau, matata Hindatu tana gaishe ki.

Na koma ga takarda ne don na gaji da ihu a waya. Ran nan da na kira ki, duk unguwa ta ji labarin ciwona, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Moctar direba ya ce zai riƙa kai miki saƙona duk ranar da ya yi lodin kasuwarku.

To ga labarin a natse. Na ajiye alli, Yaya. Tun faɗuwar da na yi a gaban yara cikin watan Mayu, likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, in ban sassauta ba wata faɗuwar ba tashi. Kwana tara na yi a gadon asibiti a Tessaoua ina kallon rufi, a nan wani tunani ya zo mini wanda ya fi allurarsu zafi. Tun ina shekara bakwai da Baba ya kai ni lakwal, makarantar boko, wurin Kawu, ban sake ganin kaka a garinmu ba. Ana fara yankan hatsi ake buɗe lakwal. Na yi ɗalibta haka, na yi shekara ashirin da tara ina koyarwa haka. Gida sai da Sallah, kwana biyu in juya. Ga ni da shekara hamsin da ɗaya ban san yadda ake ɗaure dami ba.

Shi ya sa na ce bana ni ma zan buɗe shekarata da kaka, amma don kaina. Na sayi sabon kaye na rubutu, na ja layi da jan bik kamar yadda na saba, na rubuta abin da zan sa gaba a sauran kwanakina. Lafiyata tukuna: tafiyar ƙafa da safe, rage gishiri, awon tansiyo kowace Talata da ƙarfe goma. Sai salla cikin jam'i. Sai gonar Baba. Zumunci na sa shi a ƙarshe, ba don na raina shi ba, sai don shi ba ya gudu, duk lokacin da na waiwaya yana nan.

Maganar gonar ce ta fi cin raina. Kin san tun rasuwar Baba Ladan ɗan Baffa ke noma ta. Ba na cewa bai yi ƙoƙari ba, hatsi ya yi kyau, rumbu ya cika, wake ma ba laifi. Amma ɓarna, Yaya! A cire kan hatsi a bar kara a tsaye dabbobin duniya su zo su tattake, alhali da bazara karan nan nemansa ake ido rufe. Na ɗauki masu amalanke, mun sare shi tas, mun kwashe har da harawa, na kafa rumfa a bayan gida na jibge. Na ɗaure raguna biyu a turke. In kin ga gonar yanzu, kamar an share tsakar gida.

Da muka isa gefen gawon nan na arewa sai Ladan ya tsaya ya riƙe ƙugu, wai Baba ba ya taɓa karan wannan gefen, na Namadi ne. Na ce wane Namadi, Bafillacen da ke sauka da shanu bayan an saki gonaki? Ya ce shi. Na tambaye shi ko Namadi ne ya yi shuka, ko shi ya yi noman farko da maimai. Ya buɗe baki zai ƙara wata magana, na ɗaga masa hannu yadda nake ɗaga wa yara a aji, na yi masa bayani mai tsawo a kan yadda zamani ya sake. Ya koma gindin gawo ya zauna, bai sa hannu ba har muka gama. Na san ragwanci in na gan shi, shekara ashirin da tara ina kallonsa a bencin baya.

Duk da haka, ba zan ɓoye miki ba, raina bai kwanta yadda na zata ba. Kowa a garin nan Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, har waɗanda muka yi wasan ƙasa tare. In na zo majalisa sai a gyara zama a sauya hira. Na dawo gida, amma kamar baƙon da ya daɗe bai tafi ba. Ina gaya wa kaina sannu ba ta hana zuwa.

Ki gaishe mini da kowa. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Naki,
Mushe Harisu

23 ga Disamba

Yaya Aishatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, yaya sanyi, yaya mai jego da jaririya? Moctar ya gaya mini kin tafi Mayahi wankan jegon 'yarki Marwa, takardata tana can Tchaké a ƙarƙashin tabarmarki ba ki gani ba. Barka da arziki, Allah ya raya. In kin koma sai ki karanta su biyu a jere, ki ba ni amsa da sauri, don akwai abin da ya tsaya mini a wuya.

An saki gonaki ranar Lahadi. Ranar Talata da hantsi ina gona ina auna inda zan haƙa ramukan taki, sai ga shanu daga arewa, jajaye masu dogayen ƙaho, za su kai arba'in. Abin da ya ba ni mamaki, ba mai kora su. Kai tsaye suka nufi gawon nan kamar yaran da suka san ajinsu. Da suka iso suka tarar da rairayi fes, sai suka tsaya cirko-cirko suna shinshina ƙasa suna kuka. Wata babbar saniya ta zagaya gawon har sau biyu.

Namadi yana bayansu. Dogo ne siriri, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, furfura ta fara cin gemunsa. Ya yi sallama, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, yana ta jero gaisuwa: gida, iyali, jiki, gajiya, haƙurin Baba. Kuma Harisu yake kirana gatsau, ba Mushe ba Malam. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya ɗan sosa mini rai. Sai ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaga kai ya hango rumfata ta kara da ta fi katangar gida tsawo. 

Kallon nan nasa ne ya sa na fara surutu. Na yi masa bayanin zamani irin wanda na yi wa Ladan. Na ce tunda sanin Baba ne, in yana son kara zan sayar masa da rangwame. Yaya, da na faɗi haka sai ya sunkuyar da kai kamar ni ne na yi tsirara shi yake jin kunyar. Ya ce ba komi, Allah shi amfana.

Can bakin gona, gindin aduwa, matansu sun tsaya da jakuna da ƙore. An sauko da wata tsohuwa daga kan jaki an zaunar da ita. Ta kare ido da tafin hannu tana ta duban inda nake. Namadi ya ce mini Inna ta zo bana. Na ce madalla, sannunta da hanya. Ya sake cewa Inna ta zo bana, ga ta can. Na duba agogo, goma saura kwata, ranar awon tansiyo ce kuma ban taɓa fashi ba tunda na rubuta a kaye. Na ce ya gaishe ta, in na dawo ma gaisa. Na hau moto, ɗan babur ɗin nan nawa, na tafi.

Na dawo bayan azahar babu su babu shanunsu, sai kashin shanu nan da can. Hindatu ta nuna mini ƙwaryar man shanu an rufe da sabon faifai, ta ce wata yarinya ta kawo, wai in ji Inna a ba ɗanta. Na ɗauka irin maganarsu ce, kowa ɗansu ne.

To amma tun ranar garin ya sake mini. Ladan yana gaishe ni daga nesa kamar mai bin hanya. A masallaci tsofaffi suna amsa sallamata a taƙaice. Liman da kansa ya tsayar da ni a ƙofa ya ce Allah ya jiƙan mahaifinka, mutum ne mai riƙon alkawari, ya wuce bai ƙara ba. Na tambayi Ladan, ya ce shi yaro ne, in tambaye ki.

Me na yi, Yaya? Gonar ubana ce, karan gonar ubana ne, ban zagi kowa ba, ban kori kowa ba. In akwai wata yarjejeniya a nuna mini takarda. Haka nake ta faɗa wa kaina, amma man shanun nan yana nan a rufe, na kasa cewa a taɓa shi. Awon ranar ma bai yi kyau ba.

Ina jiran amsarki.

Ƙaninki,
Mushe Harisu

7 ga Janairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma gida lafiya, kin tarar da kowa lafiya. Takardarki ta iso jiya. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, yau kuma zan maimaita miki abin da kika rubuta, don in na fahimta ba daidai ba ki gyara mini.

Kin ce shekarar da aka haife ni shekarar yunwa ce. Innarmu ta kwanta ciwo bayan haihuwa, nono ya ƙafe, aka yi ta ɗura mini ruwan hatsi ina amayarwa har kukana ya daina fita. Kin ce kina da shekara tara, da idonki kika ga Baba ya naɗe ni a rawaninsa ya nufi gindin gawo, inda mahaifin Namadi ya sauka da shanunsa. Matarsa Inna Hamida tana goyon Namadi, wata biyu da haihuwa. Ba ta tambayi komi ba, ta karɓe ni ta sa a ɗaya gefen. Wata bakwai tana shayar da mu biyu. Lokacin tafiyarsu kudu ya yi suka ƙi tafiya saboda ni, suka zauna a inda ba ciyawa har rabin shanunsu suka mutu. Da Innarmu ta tashi aka mayar da ni, sai Baba ya dafa gawon ya ce muddin itacen nan yana tsaye, karan wannan gefen na shanunsu ne. Ba takarda, ba shaida sai Allah da ke da kike riƙe da zanen goyo.

Kuma kin ce ke ce kika gamu da Inna Hamida a kasuwar Tchaké kafin ki tafi Mayahi, kika yi mata albishir cewa ɗanta na lakwal ya dawo gida da zama. Shekara shida rabonta da bin shanu saboda tsufa, tana zaune a rugar 'yan'uwanta. Jin haka ta ce a ɗaura mata shimfiɗa a jaki. Kwana nawa ne daga can zuwa nan a bayan jaki, ga tsohuwa ga sanyi? Ta zo ta zauna gindin aduwa, tsakanina da ita bai fi jifan dutse ba, ni kuma na duba agogo.

Yaya, na yi fushi, kuma har yanzu ina cikinsa. Don me ba wanda ya taɓa gaya mini? Baba ya yi shekara arba'in da takwas yana kallona bai faɗa ba. Innarmu ta tafi ba ta faɗa ba. Ke da kike ba ni labarin kowace akuya da ta haihu a Tchaké, wannan kika bari. Kin ce kin zata na sani, tunda kowa ya sani. To ai shi ke nan, abin da kowa ya sani ba mai faɗa, ni kuma da ake wa kallon masani ba wanda ya yi tunanin akwai abin da ya shige mini duhu. Kin ce su Namadi kuma ba sa ambaton alherin da suka yi, abin kunya ne a wurinsu. Kowa ya riƙe kunyarsa da kyau, ni aka bari ina tallar kara ga ɗan'uwana na nono.

Amma in na gama zagaye, kaina nake dawowa. Ladan ya buɗe baki, ni na rufe masa. Namadi ya faɗa sau biyu. Kuma na tuna duk shekara bayan kaka Baba yakan zo Tessaoua da ƙwaryar man shanu ya ce ga naka. Na ci shi da tuwo ina yaro, na ci ina da aure, 'ya'yana sun ci, ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, ni kuwa na fi kazar laifi, don ita ba ta yi lakwal ba.

Na buɗe kayen nan ɗazu na ga inda na rubuta zumunci a layin ƙarshe, wai ba ya gudu. Ga shi ya zo har gona a kan jaki ya koma.

Gobe zan je wurin Ladan in ba shi haƙuri, in roƙe shi ya raka ni mu bi sawunsu. An ce an ga shanun wajen Hawandawaki. Abu ɗaya nake roƙon Allah, in durƙusa a gaban matar nan tun tana da rai. Ki taya ni da addu'a, kada ki yi mini faɗa a takarda ta gaba, wanda kika yi ya isa.

Ƙaninki,
Harisu

20 ga Janairu

Yaya Aishatu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ƙafa, yaya jikoki? Ina fata kowa lafiya. Ni jiki da sauƙi, sai gwiwa da na ɗan goge.

Kafin mu tafi na sa masu amalanken nan suka kwashe karan gefen gawo daga rumfa suka mayar gona. Garin nan ya samu abin dariyar shekara. Wai Mushe ya yi hayar kwasowa ya yi hayar mayarwa, saura ya yi hayar mai dasa shi a tsaye. Sun fi ni gaskiya. Awakin gari kuwa ba su jira an gayyace su ba.

Mun tashi da Ladan a moto ranar kasuwar Korgom. Masu sayar da nono suka ce sun san su Namadi, sun yi kudu. Hanyar Hawandawaki kin san ta, rairayi ne zalla, mun faɗi sau biyu, esansin moton ya ƙare mana sau ɗaya muka tura. Duk rugar da muka tsaya sai an ba mu ruwa da nono kafin a amsa tambaya, amsar kuma ita ce gaba kaɗan. A rana ta uku muka sami Namadi bakin wata rijiya yana shayarwa. Shanun sun faɗa, Yaya, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Wani manomi ya bar su sun kwana biyar a gonarsa, amma an riga an cinye rabin karan kafin su zo. Babbar saniyar nan da ta zagaya gawo ban gan ta ba. Ban tambaya ba, don na ji tsoron amsar.

Na dudduba ban ga mata ba, ban ga jakuna ba. Ya ce sun yi gaba kwana uku da suka wuce, sun tsallaka iyaka wurin dangi, shi ma gobe zai bi su. Sai na zauna a bakin kwamin shayarwa.

Duk hanya ina shirya kalmomin ban haƙuri, ni da na yi shekaru ina koya wa yara tsara magana. Bai bar ni na kai ƙarshen ko ɗaya ba. Ina farawa sai ya tambayi tansiyo. In sake farawa sai ya ce in riƙa shan zoɓo ba sukari, in rage tunani. Da na ga haka sai kawai na kira shi Yaya Namadi. Ya tsaya da guga a hannu ya dube ni, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ashe labari ya iso lakwal. Ya ce Inna takan ce ni ne mai gefen dama, kuma ni ne mai cizo, shi bai taɓa ƙoshi ba sai na yi barci.

Na ce zan bi shi in gan ta, ko a ƙafa. Ya girgiza kai. Ya ce inda za su ba hanyar moto ba ce, kuma daji ba lafiya yanzu, mai ciwo irina ba zai kai ba. Inna ma ta gaji, a bar ta ta huta. Na ce karansu yana gona an mayar. Ya ce an gode, amma shanu ba sa komawa baya in sun fuskanci kudu. Ya ce sai kaka, in Allah ya kai mu.

Wannan sai kakar ita ce ta hana ni sakat. Ban sani ba ko yafiya ce, ko kuwa rufe ƙofa ne a hankali irin nasu, don kada ta yi ƙara. Na ba shi bargon da na saya mata a Korgom, ya karɓa da hannu biyu. Na roƙe shi ya gaya mata ɗanta ya zo nemanta. Ya ce zai faɗa.

Wata goma sha ɗaya, Yaya. Ita kuma ta haura tamanin. Na cire agogon nan na sa a aljihu tun a bakin rijiyar, amma bai rage mini ko kwana ɗaya ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Harisu

29 ga Disamba

Yayata Aishatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya sanyin bana? Hindatu da Ladan suna gaisuwa. Ki yafe mini shirun da na yi tun zuwanki da Babbar Salla, ba abin rubutawa ne sai jira.

Damina ta yi kyau. Bana da hannuna na yi yanka, na koyi ɗaurin dami, ko da yake Ladan ya ce nawa kamar kan mahaukaciya. Kara kuwa ko ɗaya ban bari an taɓa ba, ba gefen gawo kaɗai ba, gonar duka. Na sa an gyara ɗakin Innarmu, an yi sabon daɓe, Hindatu ta ɗinka katifa, don na ƙudura in tsohuwar nan ta zo ba za ta sake hawa jaki ba, a nan za ta zauna in yi mata abin da ya sawwaƙa.

Da aka saki gonaki na koma gindin gawo da tabarmata. Kullum daga hantsi har la'asar ina korar shanun wasu ina ba masu su haƙuri. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana tara. Na fara cewa a raina ƙofar ce aka rufe.

Shekaranjiya da hantsi sai na ji kukan shanu daga kudu. Ashe bana ba su hau arewa ba sam, a can suka yi damina. Suka shigo ba mai kora su, suka faɗa cikin karan nan, ƙarar karyawarsa kawai kake ji. Ban tsaya gaisawa da Namadi ba, na wuce shi da sauri na nufi gindin aduwa inda mata ke sauke kaya. Na ga jakin. Shimfiɗar tana nan a ɗaure a bayansa, bargon da na saya yana ninke a kai, an ɗora ƙore.

Da bazara Inna ta rasu, kafin ruwan farko. Namadi ya ce ba ta sha wahala ba, kwana biyu ta yi. Ya ce bargon ta rufa da shi har ƙarshen sanyi, duk wanda ya shigo sai ta gaya masa ɗanta ne ya saya. Na tambaye shi, don Allah kada ya ji kunyata, ko ta yi fushi da ni ranar nan. Ya dubi shanunsa. Sannan ya ce da suka bar gonar matan suna ta gunaguni, sai ta ce su yi mata shiru, ita abin da ya kawo ta ta samu. Ta zo ganin ɗanta ne kuma ta gan shi. Ta ce ya yi tumbi, yana tafiya da ƙafafunsa, har moto gare shi, nononta bai tafi a banza ba.

Yaya, na yi kuka a gaban mata da yara, ban ji kunyar kowa ba. Namadi ya juya baya yana gyara igiyar maraƙi har na gama.

Sun kafa bukkokinsu a gindin gawo, za su yi wata guda. Jiya da yau da safe na kai musu fura, muka zauna da shi, shanu suna ci. Ya ce in Allah ya kai mu bazara zai kai ni in ga inda aka sa ta. Man shanun bara yana nan yadda ta rufe shi. Jiya na sa Hindatu ta buɗe ta zuba mana a tuwo, ni da shi a akushi ɗaya. Ya tsufa, ya yi ɗaci, mun cinye.

Ki yi mata addu'a, ki sa yara su yi. In ƙafa ta bar ki, ki zo kafin su tashi, ɗakin Innarmu a gyare yake ba kowa a ciki.

Wassalam.

Ƙaninki, kuma ƙanin Namadi,
Harisu